Daga Tashar Mota Zuwa Duwatsun Fanisau

Wanda ya hau Dala ya dubi arewa zai ce ƙasar Kano a shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba gangare. Amma ido yakan ruɗi mai shi. Nan da can cikin wannan shimfiɗa akwai duwatsu da suka ɗaga kai sama, da garuruwa a gindinsu. Kowane gari kuwa yana da hanyoyin ƙafa da suka fita daga cikinsa suka watsu cikin gonaki, kamar jijiyoyin ganye.

Ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa shi ne Fanisau, wanda waɗansu ke kira Panisau. Yana arewa maso gabas da birnin Kano, cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ba shi da nisa. Wanda ya tashi daga birni da hantsi zai iya zuwa, ya zaga gonaki, ya hau dutse, ya komo gida kafin magariba. Mota ce za ta kai shi bakin gari. Daga nan kuwa sai ƙafa, gama abin da ake zuwa gani ba a ganinsa ta tagar mota.

A Tasha

Tafiyar takan fara ne daga tasha. Ƙananan motocin haya da adaidaita sahu sukan bi hanyar filin jirgin sama, su ratsa ta Jaba, su nufi Fanisau. Yaro mai hankali ba ya faɗa wa kowace mota don ya ga ƙofarta a buɗe. Sai ya yi sallama, ya tambayi ɗan kamasho ko yaron mota inda ta nufa, ya ji kuɗin mota tun yana ƙasa. In ya shiga, ba ya fid da kai ko hannu ta taga. In dattijo ya shigo babu wuri, sai ya matsa masa. In an kusa inda za shi, sai ya ce, "Akwai mai sauka," tun da sauran tafiya, don direba ya sami damar tsayawa a gefen titi.

Akwai tambaya guda wadda ya kamata a yi kafin motar ta wuce, watau, "Yaushe motoci suke daina komawa birni?" Mutane da yawa sun manta da wannan tambaya, dare ya yi musu a bakin titi. Matambayi ba ya ɓata.

Yara ba sa yin wannan tafiya su kaɗai. Sai da iznin iyaye, tare da malaminsu ko wani babba na gida. In sun sauka kuma, kafin su nufi dutse sai su biya ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci, su gaishe shi, su faɗi abin da ya kawo su. Sau da yawa yakan haɗa baƙi da wani ɗan gari wanda ya san kowace turba. Wanda ya shiga gari ta ƙofa, gari yakan karɓe shi.

Hanyoyi Iri Huɗu

Birni ya yi ta matsowa, har gine-gine sun iso Fanisau. Saboda haka mai son ganin gonaki sosai sai ya ba birni baya, ya dosa arewa. Daga nan har ƙasashen Minjibir da Dawakin Tofa da Makoɗa da Dambatta, gona ce take bin gona, ƙauye yake hangen ƙauye. Da wuya mutum ya yi tafiyar rabin sa'a bai ji carar zakara ko ƙarar taɓarya ba. Cikin wannan ƙasa zai tarar da hanyoyi iri huɗu.

Ta farko ita ce turba, 'yar siririyar hanya wadda take bi tsakanin gona da gona. Faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba. Babu wanda ya zana ta. Sawun manoma ne, da na mata masu kai abinci gona, da na yara masu zuwa makaranta, ya daddale ta har ciyawa ta daina fitowa a kanta. Ba ta miƙewa sak, domin iyakokin gonaki take bi.

Ta biyu ita ce burtali, watau hanyar dabbobi. Ta fi turba faɗi, kuma akan yi mata shinge dama da hagu, na aguwa ko na ƙaya, don kada shanu da tumaki su faɗa cikin shuka sa'ad da za su kiwo ko mashaya. Burtali amana ce tsakanin manomi da makiyayi. In manomi ya ci burtali da garma, dabba ta rasa inda za ta bi. In makiyayi ya bar burtali ya ratsa gona, wahalar shekara ta tafi a banza. Yawancin rigimar da ake ji tsakaninsu daga nan take tasowa.

Ta uku ita ce hanyar kasuwa, wadda take haɗa gari da gari. Tun kafin a san mota, ita ce jakuna da raƙuma suke bi. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta irin waɗannan hanyoyi ne aka riƙa kai gyaɗar ƙauyuka wurin masu awo, har aka tara buhunan da suka zama dalar gyaɗa. Yanzu babura da amalanke sun fi yawa a kanta, amma jaki bai bar ta ba.

Ta huɗu ita ce hanyar dutse. Ita ce mafi gajarta, ita ce kuma mafi wuya. Awaki da yara masu kiwo su ne suka fi saninta.

Abin Da Ake Gani A Hanya

Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne, babu daji. Kusan kowane taƙi na ƙasa yana da mai shi, kuma ana noma shi kowace shekara. A waɗansu ƙasashe manomi yakan bar gona ta huta shekara uku ko huɗu ta zama saura. Nan kuwa mutane sun yi yawa, ba a iya barin ƙasa ta kwanta. To, yaya ba ta gaji ba?

Amsar tana nan zube a gonaki. Da rani matafiyi zai ga tsibi tsibi na taki an jera su cikin gona. Manomi yakan ɗaure tumakinsa da awakinsa a gida da damina, ya kawo musu ciyawa, ya tara kashinsu tare da toka da sharar gida. In rani ya yi sai ya kwashe a mangala, jaki ya kai gona. A da jakuna sukan shiga birni da itacen wuta, su fito da taki. Dabba tana cin harawa da karan gona, gona kuma tana cin takin dabba. Haka abin yake zagawa shekara da shekaru.

Wata dabarar kuma ita ce haɗa iri. Cikin gona guda akan ga gero da dawa da wake, wani lokaci da gyaɗa. Gero yakan nuna da wuri, a girbe shi, wake ya sami sarari ya yaɗu. Wake da gyaɗa kuwa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi ta wurin saiwarsu. In ruwan sama ya yi gardama wani iri ya ƙi, wani ya yi. Masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da wani Bature mai suna Michael Mortimore, sun bi waɗannan gonaki tun wajen 1965 suna nazarin yadda ƙasa kaɗan take ciyad da mutane masu yawa. Abin da suka rubuta ya sa an san manoman karkarar Kano a ƙasashe masu nisa.

Abu na biyu shi ne itatuwa. Wanda ya hango ƙasar daga nesa zai zaci kurmi ne, alhali kuwa kowace bishiya a cikin gonar wani take, shi ya bar ta, don ya san amfaninta. Ga ɗorawa, wadda ake shan garinta, a yi daddawa da kalwarta. Ga kuka, mai ba da miya da igiya. Ga tsamiya ta kunu, ga rimi mai audugar matashi, ga kanya da ɗinya da yara suke rububi. Ga darbejiya, baƙuwa daga ƙasar Indiya, wadda ta zama 'yar gida.

Amma babu kamar gawo wajen ban mamaki. Sa'ad da sauran itatuwa suka yi kore shar da damina, shi sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Sa'ad da suka bushe da rani, shi sai ya yi ganye. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana. Ganyen da ya zubar yakan zama taki, dabbobin da suka fake a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa su ma su bar nasu. Yaro ya duba da kyau: geron da yake gindin gawo yakan fi na nesa da shi tsawo.

Iyakar gona ma abin dubawa ce. Wani ya dasa gamba, wadda ake saƙa zana da ita. Wani ya dasa lalle, wani aguwa. Ba a taɓa aguwa a sosa ido, don ruwanta fari yana da zafi.

Yaro Da Mai Gona

An yi wani yaro ɗan birni wanda ya bi 'yan ajinsu irin wannan tafiya da damina. Suna cikin tafiya sai turba ta karkata, ta zagaye wata gonar gyaɗa. Yaron ya duba ya ga dutse ga shi nan gabansa, ya ce a ransa, "Mene ne na zagaye?" Sai ya bar layi, ya yanke ta tsakiyar gona.

Ashe mai gonar yana zaune gindin tsamiya yana gyara ƙotar fartanyarsa. Ya ɗaga kai ya ce, "Yaro, zo nan."

Yaro ya zo jiki na rawa, ya durƙusa ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

Tsoho ya ce, "Yauwa, sannu ɗana. Waiwaya ka gaya mini abin da ka gani."

Yaro ya waiwaya ya ce, "Sawuna ne, Baba."

"Kunya nawa ka taka?"

Yaro ya ƙidaya ya ce, "Goma sha biyu. Amma Baba, ai ni kaɗai ne, kuma sau ɗaya ne."

Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Haka na bara ma ya ce. Gobe wani zai zo ya ga sawunka, ya ce ashe akwai hanya. Jibi mai babur ya bi. Kafin kaka hanya ta raba gonata biyu, ƙasar ta taurare, ko na shuka ba za ta fito ba. Gonar nan da kake gani, kakana ya bar wa 'ya'yansa huɗu, aka raba. Rabon ubana aka sāke raba mana. Wannan ɗan abin shi ne nawa, kuma da shi nake ciyad da mutum tara. Ka ga akwai abin da zan ba hanya a ciki?"

Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu, Baba. Na tuba, a yi mini gafara."

Tsoho ya miƙa masa fartanya, yaro ya bi kunyoyin nan goma sha biyu ya ta da su ɗaya ɗaya. Da ya gama, tsoho ya sa masa albarka, ya nuna wa malaminsu inda hawan dutsen ya fi sauƙi. Yaron ya isa gindin dutse bayan kowa.

Daga wannan ake gane dokokin turba. Ba a barin hanya a shiga shuka. Ba a karya zangarniya, ba a tsinkar 'ya'yan itace sai an roƙi mai su. In an gamu da garke a burtali, sai a raɓe a tsaya shiru har ya wuce. In an gamu da mai kaya a kai, shi ake ba hanya. Ba a leƙa gidan mutane ta kan danga, ba a ɗaukar hoton kowa sai ya yarda. Ba a yar da leda, domin akuya takan haɗiye ta, ta toshe mata ciki har ta mutu. Da rani kuwa ba a wasa da wuta kusa da kara ko rumbu. Duk wanda aka tarar, babba ko yaro, a gaishe shi.

Hawan Dutse

Duwatsun ƙasar Kano ba iri ɗaya ba ne. Dala da Goron Dutse ja ne, kansu a baje, marmara ce ta rufe su. A cikin irin wannan dutse ake samun tama, kuma masana sun gano cewa an narka ƙarfe a gindin Dala fiye da shekara 1,300 da suka wuce. Na Fanisau kuwa manyan ƙwallaye ne masu tauri, waɗansu a kan waɗansu, kamar wani ƙato ne ya jera su ya tafi.

Ba wanda ya jera su. Asalinsu dutse guda ne wanda ya daskare a can cikin ƙasa, shekaru fiye da miliyan 500 da suka wuce. Ruwa ya yi ta shiga tsagoginsa yana cin gefe da gefe, ƙasar da ta rufe shi kuma ta yi ta zaizayewa, har ya bayyana a fili. Har yanzu aikin bai ƙare ba. Rana takan gasa dutse, dare ya sanyaya shi, bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Yashin da ya kewaye shi kuwa, wanda ake kira jigawa, yawancinsa iska ce ta kwaso shi daga arewa a wani zamani mai tsawo da aka yi na fari.

Mai hawan dutse ba ya gaggawa, sannu ba ta hana zuwa. Babba ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya, yara a tsakiya. Ba a cusa hannu cikin rami ko tsagar dutse, ba a kuma ɗaga ƙaramin dutse da hannu, gama nan ne maɓoyar kunama da maciji. In an ji kukan ƙudan zuma a wani kogo, sai a sāke hanya ba tare da hayaniya ba. Ba a gangaro da dutse don wasa, wataƙila akwai mutum ko dabba a ƙasa. Saukowa kuma ta fi hawa haɗari, domin a lokacin ne ƙafa ta gaji.

In an kai bisa, sai a zauna a huta, a dubi ƙasa. Daga nan ne ake ganin abin da ba a gani daga turba. Ga gonaki kamar ƙyallayen da tela ya harhaɗa. Ga burtali ya miƙe da shingensa biyu. Ga unguwanni, kowace da itatuwanta. Ga jiragen sama suna sauka suna tashi, a garin da jirgi ya fara sauka tun 1925. Kudu maso yamma kuwa ga birni ya cika ido. Shirwa takan yi shawagi daidai da kan mutum, hasbiya ta tashi daga tsagar dutse. In farkon damina ne, a ga shamuwa, in kuwa shanu na kusa, a ga balbela tana binsu.

Abin Da Dutsen Ya Gani

Fanisau tsohon wuri ne. Tarihin Kano ya ambace shi cikin wuraren da mutanen farko suka zauna, tun zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. Mutanen da suna son gindin dutse, domin daga kansa ake hango abokan gāba tun suna nesa.

Wannan dalili ne ya sa Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da Fanisau ribaɗi, watau garin tsaro. A farkon sarautarsa ya yi fama da Ɗan Tunku, wanda ya ƙi binsa, ya riƙe ƙasar arewa wajen Dambatta. Sarki yakan fito ya zauna a Fanisau da mayaƙansa don ya tare hanyar birni. A nan ne wani matafiyi mutumin Birtaniya mai suna Clapperton ya je ya gaishe shi a watan Janairu na 1824. Daga baya aka raba gardama, Kazaure ta zama masarauta mai zaman kanta a hannun zuriyar Ɗan Tunku.

A wancan zamani akwai manyan gandaye kewaye da Fanisau, na sarki da na attajirai, waɗanda bayi ne suke noma su. An hana bauta gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa a 1936. Mai tafiya a kan turbar nan ya kamata ya tuna da waɗannan mutane, gama guminsu yana cikin ƙasar da yake takawa. Har yanzu akwai gidan sarki a garin. Bisa al'ada kuma Sarkin Kano yakan yi hawa zuwa can a ƙarshen bukukuwan Babbar Salla, shi ne ake kira Hawan Fanisau.

Lokaci Da Guzuri

Kowane lokaci na shekara da irin tafiyarsa. Da bazara, wajen Maris da Afrilu, zafi yakan kai awo 40, dutse ya yi zafi har ba a iya dafa shi. Da damina ƙasa ta fi kyau, amma jiƙaƙƙen dutse yana da santsi. In hadari ya taso, maza a sauko, kada kuma a fake gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai, saboda tsawa. Da hunturu tafiya tana da daɗi, sai dai hazo yakan rufe nesa. Lokacin da ya fi duka shi ne kaka, wajen Oktoba da Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, sarari ya yi garau, ana girbi, kowa yana cikin fara'a.

Guzurin ba shi da yawa: ruwan sha isasshe, da ɗan abinci kamar ƙuli-ƙuli ko dabino, da hula ko malfa, da takalmi mai rufi saboda tsidau da ƙarangiya, da sanda, da littafi da fensir. Kuɗin komawa a ware shi daban, kada a taɓa shi ko an ga rake. Ba a shan ruwan kududdufi, ba a kuma wanka a ciki, domin nan ake ɗaukar tsargiya. Kogin Jakara, wanda ya taso daga cikin birni ya nufi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, ya kwaso dattin gari, shi ma ba na sha ba ne.

Babban mutum mai lafiya yakan yi kimanin kilomita 5 cikin sa'a guda, yara kuwa 3 ko 4. Da wannan ake lissafin inda za a juyo. In an ruɗe, a dubi rana, ko a dubi masallaci, gama alƙiblar Kano tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a yi sallama a tambaya.

Ga Mai Son Ƙari

Wanda ya saba da Fanisau, yana son duwatsun da suka fi su yawa, sai ya shiga motar Daura a tashar Ƙofar Ruwa. Za ta wuce Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take, ta bi ta Dambatta, mai kasuwar dabbobi ranar Lahadi, ta isa Kazaure, kimanin kilomita 80 daga Kano. Can duwatsu dogaye ne, sun yi jerin gwano, da kwaruruka a tsakaninsu. A da Kazaure cikin Jihar Kano take, amma tun 1991 ta koma Jihar Jigawa. Wannan tafiya ta manyan ɗalibai ce, kuma tana bukatar sammako.

Turba ba ta da ƙarfin titi. In aka daina binta damina biyu, sai ciyawa ta cinye ta. In aka yanka gona aka yi fuloti, sai katanga ta datse ta. A wurare da yawa kewaye da Kano masu fasa dutse suna mai da manyan duwatsu tsakuwar gini, dutsen da aka fasa kuwa ba ya sāke tsirowa. Yaran da suke makaranta yau su ne gobe za su zama dagatai da masu awon fili da magina. Wanda ya taɓa bin burtali da ƙafarsa, ya sha inuwar gawo, ya ta da kunyar da ya taka, zai yi tunani kafin ya sa hannu a toshe hanya ko a sare bishiya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka kuma hangen gona ta tagar mota ba sanin ƙasa ba ne.

Ma'anar Kalmomi

Turba: siririyar hanyar ƙafa.
Burtali: hanyar dabbobi mai shinge tsakanin gonaki.
Saura: gonar da aka bari ba a noma ba.
Mangala: jaka mai baki biyu da ake ɗora wa jaki.
Harawa: busasshen ganyen wake ko na gyaɗa, abincin dabbobi.
Tama: dutsen da ake narkawa a fid da ƙarfe.
Ribaɗi: garin da aka kafa don tsaron iyaka.
Gandu: babbar gona.

Tambayoyi

1. A wace ƙaramar hukuma Fanisau yake?
2. Wace tambaya ce ya kamata matafiyi ya yi kafin mota ta wuce?
3. Faɗi hanyoyi iri huɗu da aka ambata, da amfanin kowace.
4. Me ya sa gonakin arewacin Kano ba su gaji ba, ko da yake ana noma su kowace shekara?
5. Ta yaya gawo ya bambanta da sauran itatuwa?
6. Don me tsoho ya sa yaro ya ta da kunyoyin da ya taka?
7. Wane sarki ne ya mai da Fanisau ribaɗi, kuma saboda me?
8. Wane lokaci na shekara ya fi dacewa da wannan tafiya?
9. In yara suna yin kilomita 3 cikin sa'a guda, sa'a nawa za su yi in za su je wuri mai nisan kilomita 6 su komo?

Aiki

1. Zana taswirar hanyar da kake bi daga gida zuwa makaranta, ka sa alamar kowace bishiya da ka san sunanta.
2. Tambayi wani dattijo a unguwarku wace hanya ce ake bi a da wadda yanzu babu ita. Rubuta abin da ya gaya maka cikin jimla goma.